Yadda ake ɗaukar hoton taurari a sararin Maraɗi, daga zaɓen dare har gyaran hoto

Duk wanda ya taɓa ɗaga waya sama da dare ya danna, ya san abin da ke fitowa: baƙin allo, sai ɗigo biyu ko uku da ba a gane ko taurari ne ko datti. Dalilin ba wani mai nisa ba ne. Hasken tauraro kaɗan ne ƙwarai, kyamara na bukatar lokaci kafin ta tara shi. Ita kuma duniya ba ta jira, tana juyawa digiri 15 a kowace awa, saboda haka in ka bar kyamara a buɗe ya wuce kima, taurarin sai su koma ƴan layuka. Aikin gaba ɗaya tsakanin waɗannan biyun yake: a tara haske mai yawa, kafin sama ta gusa. Kuma abin da ya fi yanke hukunci a nan Maraɗi shi ne daren da ka zaɓa da yawan hotunan da ka yi haƙurin ɗauka. Tsadar kyamara tana zuwa ne daga baya.

Zaɓen dare

Fara da lissafin wata, wanda mu dama muna da shi a ka. Farin wata yana shafe ƙananan taurari, don haka daga 10 zuwa 18 ga watan Musulunci ka ajiye zancen taurari, ka ɗauki watan kansa. Dararen da ake nema su ne daga wajen 25 ga wata zuwa 3 ga sabon wata, lokacin da kusan duk daren duhu ne. Daga 20 ga wata ma ana iya aiki da farkon dare, tunda wata ba ya fitowa sai dare ya yi nisa. Daga 4 zuwa 8 kuwa sai a jira ya faɗi. Sama ba ta gama yin duhu sai kimanin awa ɗaya da kwata bayan faɗuwar rana, wato in an idar da sallar lisha ka iya farawa.

Sai yanayi, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Ana ganin kamar lokacin ɗari ya fi, tunda babu hadari. Amma daga Disamba zuwa Fabrairu iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta rataye ta a sama. Hazon nan yana cinye hasken taurari, sannan yana kama hasken fitilun gari ya watsa shi ko'ina. Akwai dararen ɗari da hazo ke kwantawa sama ta yi tas, waɗannan dukiya ne, a yi amfani da su. Gwajin mai sauƙi ne: dubi rana da la'asar sakaliya. In kana iya kallonta fara fat kamar faranti tun tana sama, kada ka wahalar da kanka a daren. In ta faɗi da ƙarfinta, samaniya kuma shuɗiya har ƙasa, shirya kayanka.

A ganina babu lokacin da ya kai kaka, Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, bayan ruwa ya wanke iska kuma hazo bai iso ba. Na biyunsa daren damina bayan an sha ruwa hadari ya wuce. Irin wannan dare ba ya sallama kafin ya zo, sai dai batiri ya zauna a cike.

Abin da ke sama a kowane lokaci

Maraɗi tana kan digiri 13 da rabi arewa da tsakiyar duniya, kuma wannan gata ne. Muna ganin taurarin arewa, muna kuma ganin na kudu da mutanen Faransa ba sa gani ko kaɗan daga gida.

Babban abin ɗauka shi ne farin zanen nan da ke ratsa sama, wanda malamai ke kira Majarra, littattafan makaranta kuma Voie lactée. Zan riƙa ce masa gulbin taurari. Wurin da ya fi kauri da haske, kusa da taurarin Kunama, shi ne tsakiyarsa, nisan tafiyar haske ta shekara kusan 26,000. A nan yana hawa har digiri 47 a kudu. A Afrilu sai gab da asuba yake kaiwa can, a Yuni da tsakar dare, a Agusta wajen ƙarfe 9 na dare. A Oktoba yana karkata kudu maso yamma da zarar an yi lisha, kana da kamar awa biyu kafin ya nutse.

Daga Nuwamba Kaza da ƴaƴanta, wato Surayya, na fitowa gabas da farkon dare. Bayanta sai Jauza'u, wanda manhajoji ke rubutawa Orion, mai taurari uku a jere. Ƙasa da ukun nan akwai gajimaren iskar gas inda ake haifar sababbin taurari, nisansa kimanin shekarar haske 1,350, kuma shi ne abu mafi sauƙi da sabon shiga zai ga launinsa ja-ja a hoto. A Janairu yana kusan tsakar ka wajen ƙarfe 10. Daga Oktoba zuwa Disamba kuma akwai Andromeda a arewa, tarin taurari mai nisan shekarar haske miliyan biyu da rabi. Ƙarshen Maris zuwa Mayu, ƙasa-ƙasa a kudu, taurari huɗu na Croix du Sud suna leƙowa, ba sa kai digiri 20 sama da ƙasa, sai wuri mai fili da dare marar hazo. Ruwan taurari masu gudu yana yawaita 12 zuwa 13 ga Agusta da 13 zuwa 14 ga Disamba. Na Disamba ya fi mana, don na Agusta hadari kan rufe shi.

Sauke Stellarium, manhajar taswirar sama, a waya ko kwamfuta. Ka sa masa Maraɗi da kwanan wata da awa, zai nuna maka inda kowane abu zai kasance.

Wuri

Ka'idar ita ce hasken gari ya kasance a bayanka. Mai son gulbin taurari, da yake kudu yake, ya fita kudu da gari, wajen Jiratawa ko hanyar Madarunfa. Mai son arewa ya bi hanyar Dakoro. Kilomita 15 zuwa 20 daga fitilun gari suna sauya sama sosai. Wanda bai samu fita ba, saman soro ko tsakar gida ma ana yi, musamman daren da wuta ta ɗauke a unguwa, kuma wata da Jauza'u da Kaza duk suna ɗaukuwa daga cikin gari.

Maganar tsaro ba ta wasa ba ce. Kowa ya san halin da wasu yankunan bakin iyaka ke ciki, kuma babu hoton da ya kai ran mutum. Je ƙauyen da kake da ƴan'uwa ko sani, ka isa tun da rana, ka gaida mai gari ka faɗa masa abin da ya kawo ka, ka kwana can. Baƙon da aka gani a gona da tsakar dare da fitila da wani abu mai ƙafa uku, ba a yi masa kyakkyawan zato. Kada ka je kai kaɗai, kada ka kafa kyamara kusa da bariki, shingen jami'an tsaro ko filin jirgi. Sa takalmi rufaffe saboda kunama da maciji, musamman da bazara da damina.

Tun da rana ka zaɓi abin da zai tsaya a gaban hoton. Sama zalla ba ta cika jan ido ba, amma in ga kuka, ko goruba, ko jerin rumbuna, hoton ya zama namu. Gawo ya fi dacewa da damina, da yake a lokacin yake zubar da ganye, taurari na ratsa rassansa, ga shi kuma gonakin jihar nan cike suke da shi tun da sassaben zamani ya kankama. In rumbu ko gidan wani ne, nemi izini tukuna.

Kaya

Kyamarar da ke da saitin hannu, harafin M, ita ake so. Tsohuwar Canon ko Nikon ta hannu, irin ta masu hoton biki, da gilashinta na 18-55, ta isa. Waya ma tana yi in tana da Pro ko Manuel a cikin kyamararta.

Abin da ba a sassauta masa shi ne ƙafa. Kyamara ba za ta motsa ko kaɗan ba na tsawon sakan 10 ko fiye. In akwai ƙafa uku, kada ka miƙe ta duka, ka rataya mata jaka mai nauyi a tsakiya. In babu, cika safa ko ƙaramin buhu da gero, ka aza a kan turmi ko katanga, ka nutsa kyamarar ciki. Ƙara da batiri na biyu, katin ajiya mai fili, da tocila da aka rufe bakinta da jar leda. Ido na ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, farin haske na sakan ɗaya kuma yana rusa wannan. Rage hasken allon kyamara da na waya har ƙasa.

Kada a canza gilashi a fili lokacin hazo, ƙura na shiga ta zauna a kan idon kyamara, wato farantin cikinta da ke karɓar haske. Haɗa komai tun cikin ɗaki. Da damina da kaka kuma, musamman kusa da gulbi ko tafki, raɓa ce matsala: riƙa haska gilashin lokaci-lokaci, ka naɗa masa kwali ya zarce bakinsa kaɗan.

Saitin kyamara

Juya zuwa M. Zaɓi RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba, a matsayin irin hoton, domin JPEG yana zubar da mafi yawan raunanan hasken da muke nema. Kashe filasha, kashe mai hana rawar hannu, IS a Canon, VR a Nikon, kashe rage tsaki, wato ɗigogin datti na hoto, na doguwar ɗauka in za ka haɗa hotuna daga baya. Sa jinkirin sakan 2 domin dannawar yatsa kada ta girgiza hoton. Launin haske ka sa shi wajen 4000K.

Buɗe ƙofar gilashi iyakarta, wato lambar f mafi ƙanƙanta, f/3.5 a gilashin 18-55 in yana kan 18. Mai gilashin 50 na f/1.8 ya ɗan rufe zuwa f/2.5 ko f/2.8, taurarin gefe za su fi tsafta. ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, fara da 1600, in ya yi duhu ka hau 3200.

Tsawon buɗewa yana da lissafi. Raba 500 da tsawon gilashin, wato lambar da ke jikinsa kamar 18 ko 50. Amma yawancin kyamarorin da ke hannunmu masu ƙaramin ido ne, sai an fara ninka tsawon da 1.6 a Canon ko 1.5 a Nikon. Misali 18 sau 1.6 ya ba da kusan 29, 500 raba 29 ya ba da sakan 17. Wannan iyaka ce ta sama, kuma tun zamanin fim aka yi ta. Kyamarorin yanzu sun fi gani, shi ya sa na fi son a raba 300, wanda zai ba da sakan 10. Gilashin 50 sakan 4, na 200 sakan 1. Ɗauki ɗaya, ka zuƙo shi a allo har ƙarshe. In taurari ɗigo ne, madalla. In sun fara tsawo kamar ƙwayar shinkafa, rage.

Saita gani

Nan ne dare ke gyaruwa ko ya lalace, kuma babu manhajar da ke gyara hoton da ganinsa bai daidaita ba. Kyamara ba ta iya saita kanta a duhu, don haka mayar da gilashin kan MF, wato saita gani da hannu. Kada ka yarda da alamar nesa da ke jikin gilashi, yawancinsu suna zarce ta. Kunna kallon allo, nufi tauraro mafi haske, ka kawo shi tsakiya, ka zuƙo sau 10. Murɗa zoben a hankali. Tauraron zai kumbura, ya tsuke, ya sake kumbura. Koma inda ya fi tsukewa, inda ƙananan taurari na kusa da shi suka ɓullo kwatsam. Wuce wurin ka dawo sau biyu ko uku har hannunka ya gane shi. In tauraro ya ƙi bayyana a allo, yi amfani da fitila mai nisa sosai, kamar jar fitilar eriyar waya da ke can wani ƙauye.

Da ka samu, manne zoben da salatif. Kada ka taɓa zuƙowar gilashin bayan nan, in ka taɓa sai an sake. Kuma duba shi bayan kowane rabin awa, domin sanyin dare na sa gilashi ya ɗan motsa.

Mai waya ya shiga Pro, ya sa gani a MF ya ja shi zuwa alamar dutse ko nesa, ISO 800 zuwa 1600, lokaci sakan 15 zuwa 20, ya kunna RAW in akwai, ya yi amfani da babbar kyamarar wayar ba tare da zuƙowa ba. Wayoyin Pixel suna da tsarin taurari da ke kunna kansa in wayar ta tsaya cik a duhu, yana ɗaukar kusan minti 4 yana haɗa hotuna da kansa. Wasu manyan Samsung ma suna da irinsa a cikin Expert RAW.

Ɗauka da yawa

Hoton farko da za ka gani zai cika da tsaki-tsaki, ɗigogi masu launi barkatai. Zafi na ƙara shi, kusan ninki biyu duk lokacin da idon kyamara ya ƙara digiri 6 ko 7, shi ya sa hoton bazara ya fi na ɗari datti. Maganinsa yawa. Da zarar manhaja ta daidaita hotunan, tauraro yana wuri ɗaya a kowane hoto, tsaki kuwa yana canza wuri. In aka ɗora hotuna a kan juna aka ɗauki matsakaici, tauraron ya tabbata, tsakin ya narke. Hotuna 4 suna ninka tsaftar sau 2, hotuna 16 sau 4, hotuna 100 sau 10. Ka lura ribar tana raguwa in ana hawa, daga 100 sai ka kai 400 kafin ka sake ninkawa.

Ga gulbin taurari da itace a gaba, 15 zuwa 25 a jere ba tare da taɓa kyamara ba sun wadatar. Ga gajimaren Jauza'u ko Andromeda da gilashin 50, nemi 200 ko fiye, kana ɗan juya kyamara bayan kowane minti 5 zuwa 10 domin abin ya dawo tsakiya. Ƴar na'urar dannawa mai waya tana sauƙaƙa wannan, ka sa ɗauka a jere ka kulle maɓallinta. Yi lissafin kati: RAW ɗaya na kyamara mai megafiksel 24 yana kai MB 25 zuwa 30, hotuna 200 sun haura GB 5.

Kafin ka naɗe kaya akwai hotunan gyara. Rufe gilashi da murfinsa, ba tare da canza ISO ko lokaci ba, ka ɗauki 15 zuwa 20. Waɗannan baƙaƙen suna kama ɗigogin da kyamara ke haifarwa da zafinta, manhaja ta cire su. Dole a ɗauke su nan take a zafi ɗaya, in ka bari sai gida sun rage amfani. Na biyu fararen hotuna: shimfiɗa farin ƙyalle marar tanƙwara a bakin gilashi, ka haska shi da farin allon waya ko samaniyar safiya, ka sa kyamara a Av ko A, ka ɗauki 20 ba tare da taɓa gani ko lambar f ba. Su ke gyara duhun kusurwoyi da inuwar ƙura, kuma a ƙasa mai ƙura irin tamu ba na shawartar a tsallake su. Na uku, murfi a rufe, saurin ɗauka mafi girma da kyamarar ke da shi, 20 zuwa 30, minti ɗaya ya ishe su.

Wata, da zoben taurari

Shi wata, rana ce ke haska shi, saboda haka saitinsa na rana ne: ISO 100, f/8, kashi 1/250 na sakan, da gilashi mafi tsawo da kake da shi. Daren sha huɗu ba shi da inuwa, ramukansa sun fi fitowa daga 5 zuwa 10 ga wata, a kan iyakar haske da duhu. Jinjirin wata na kwana 2 ko 3 kuwa, ba shi sakan 1 a ISO 800, za ka ga sauran jikinsa yana haske dishi-dishi, hasken da duniyarmu ke mayar masa ne. In Zara na kusa da shi a yamma, hoton ya haɗu.

Zoben taurari, wato zagayen da taurari ke zanawa kewaye da tauraron arewa, shi ne inda juyawar duniya ta zama riba, kuma wayar da ba ta da ƙarfi ma tana yinsa. Tauraron arewa a nan yana digiri 13 da rabi kawai sama da ƙasa, dunƙulen hannu ɗaya da ɗan ƙari in ka miƙe hannu. Wannan na nufin itace da cibiyar zoben suna shiga hoto ɗaya cikin sauƙi. Nufi arewa, ISO 800, sakan 30, a jere babu tsayawa. Hotuna 120 awa ɗaya ke nan, kowane tauraro ya zana baka mai digiri 15. Manhajar StarStaX, ta kyauta, ita ke haɗa su.

Haɗawa a kwamfuta

Fara da tsince hotuna. Duk wanda iska ta girgiza, ko hadari ya ratsa, ko fitilar babur ta haska, fitar da shi.

Sabon shiga ya fara da Sequator, kyauta ne, na Windows. Zuba hotunan sama a Star images, baƙaƙen a Noise images, fararen a Vignetting images. In akwai ƙasa ko itace a hoton, zaɓi Freeze ground, ka shafa wa sama fenti da linzami domin manhajar ta san inda za ta bi taurari da inda za ta bari a tsaye. Ajiye sakamakon a TIFF.

Ga gajimare da tarin taurari masu nisa, Siril ya fi. Shi ma kyauta ne, yana aiki a Windows da Mac da Linux, kuma yana da Faransanci, abin da zai sauƙaƙa wa da yawanmu. Buɗe jaka ɗaya, a cikinta ka yi huɗu da waɗannan sunaye daidai: lights na hotunan sama, darks na baƙaƙe, flats na farare, biases na masu sauri. Nuna wa Siril babbar jakar, ka kunna umarnin OSC_Preprocessing, ka bar shi. Yana cin fili a kwamfuta ninkin-ba-ninkin girman hotunan, yana kuma iya ɗaukar lokaci a tsohuwar kwamfuta, don haka fara shi sa'ad da akwai wuta ko batiri a cike.

Abin da zai fito zai yi kama da baƙin allo, kada gabanka ya faɗi, hasken yana ciki a dunƙule. Bi wannan tsari. Yanke gefunan da suka lalace saboda gusawar sama. Cire hasken bango, wanda Siril ke kira Extraction du gradient: yana ɗora ɗigogi a kan hoton, ka goge waɗanda suka faɗa kan gajimaren ko gulbin taurari, ya lissafa hasken gari da na hazo ya zare shi. Ga hotunan da aka ɗauka kusa da Maraɗi wannan matakin ya fi kowanne sauya hoto. Sai daidaita launi, wanda in akwai intanet Siril ke yi ta hanyar gwada taurarinka da ainihin launinsu a kundin taurari. Cire kore-koren da ya rage. Daga nan sai jan haske, kuma a yi shi kaɗan-kaɗan, sau uku ko huɗu. Kada a mayar da sama baƙi ƙirin, toka mai duhu ake so, domin raunanan gajimare a can suke ɓoye. Ka tsaya da zarar tsaki ya fara dawowa ko tsakiyar gajimaren Jauza'u ta ƙone ta zama fara.

Ƙarashen gyara a GIMP ko darktable, ko Snapseed ga mai waya: ɗan ƙarin launi, ɗan rage tsaki. Ina roƙon a kiyaye abu biyu. Kada a mayar da gulbin taurari shuɗi ko shanshanbale, launinsa na gaskiya fari ne mai ratsin ruwan ƙasa, da duhun ƙura a tsakiya. Kuma kada a liƙo wata ko sama daga hoton wani a ce daga Tibiri aka ɗauka. In za ka tura a WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse shi ƙananan taurarin su ɓace. Rubuta wuri, kwanan wata, gilashi, ISO da yawan hotuna a ƙasa, wani zai koya daga nan.

Allon bin taurari

In hannu ya faɗa, za ka so wuce sakan 10. Na'urorin bin taurari na sayarwa suna da tsada, kuma sai an yi odarsu daga waje. Amma akwai wanda kafinta zai haɗa maka a yini ɗaya, wanda George Haig ya wallafa tsarinsa a 1975. Katako biyu ne masu kamar santimita 30, a haɗa su da hinjin ƙofa mai ƙarfi marar girgiɗi. A huda na ƙasa, a kafe noti, a zura dogon kusa mai zare M6 ta yadda kansa zai riƙa tura katakon sama. Zaren M6 yana tafiya milimita 1 a kowane zagaye, saboda haka nisa daga tsakiyar sandar hinji zuwa tsakiyar kusan ya zama santimita 22.9 daidai. A wannan nisan, zagaye ɗaya a minti ɗaya ya yi daidai da juyawar sama. In M8 aka samu, nisan ya koma santimita 28.6.

Kyamara na zama a katakon sama a kan kai mai juyawa. Ka fuskanci arewa, hinji a hagunka, kusa a damanka, sandar hinjin ta nufi tauraron arewa, ɗan bututu da aka manne a jikinta zai taimaka wajen leƙe. Da yake tauraron yana ƙasa-ƙasa a nan, hazo ko itace kan ɓoye shi. In haka ta faru, nemi arewa da kamfas na waya, ka karkata sandar digiri 13 da rabi da ma'aunin karkata na wayar, wannan ya isa ga gilashi mai faɗi. Manna ɗan faifai mai alama huɗu a kan kusan, ka riƙa juya kwata a kowane sakan 15 kana kallon agogo, da yatsa mai laushi. Da gilashin 18 zuwa 50 za ka samu minti 1 zuwa 2 taurari na nan ɗigo, ka sauke ISO zuwa 800. Bayan kamar minti 10 kusa miƙaƙƙe yana fara kuskure, sai ka warware shi katakan su haɗu, ka sake daidaita abin da kake ɗauka, ka ci gaba. Itace da ƙasa za su shafe a irin wannan ɗauka tunda kyamara na tafiya, don haka ɗauki nasu hoton daban allon yana tsaye, a wuri ɗaya da dare ɗaya, ka haɗa biyun a GIMP.